Ƙidayar maƙaloli da aikin masu binciken lafiya: tsokaci

A yau, idan hukumomin da ke ba da kuɗin bincike suna son auna ƙwazon masani a fannin lafiya, abu biyu suke dubawa: yawan maƙalolin da ya buga, da yawan waɗanda suka ambace su. Ma'aunin da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, wato alamar h, ya haɗa duka biyun. Mai h 20 shi ne wanda ke da maƙaloli 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. A ganinmu, wannan mudu ba ya auna aikin yadda ya kamata.

Mu ɗauki misali daga jihar Maraɗi. A gundumar Madarunfa, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF ta gwada maganin rigakafin zawo na Rotasiil, wanda ake ɗigawa a baki kuma yake jure zafi. Sakamakon ya fito a 2017 cikin mujallar New England Journal of Medicine: jarirai 3,508, kariya daga zawo mai tsanani da ƙwayar cutar rotavirus ke haddasawa kashi 66.7 cikin ɗari. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da maganin. Aiki ne mai amfani ƙwarai.

To amma wa ƙidaya ta lissafa? A al'adar mujallun lafiya, suna na farko da na ƙarshe su ne ke ɗaukar nauyi wajen neman sabon kuɗi. Likitocin Jami'ar Yamai da suka sa hannu suna tsakiyar jerin. Ma'aikatan jinya da masu bin gidaje, waɗanda suka yi watanni suna duba kowane yaro, ba su shiga lissafi. Ta haka kuɗi ke komawa inda suka fito: mai suna ya ƙara suna, ya ƙara samun kuɗi.

Ba muna cewa a daina ƙidayar maƙaloli ba. Muna cewa a ƙara wasu tambayoyi: wa ya tsara tambayar binciken? A ina aka adana bayanan? Ɗalibai nawa na ƙasar suka kammala digiri ta dalilinsa? An mayar da sakamako ga asibitoci da iyayen yaran, da Faransanci da Hausa? Sai an amsa waɗannan za a san ko kuɗin sun bar masana a gida, ko maƙala kawai suka haifa.