Barry Sanders, gwanin taka birki

A ƙwallon ƙafar Amurka, wadda akasari da hannu ake yin ta, akwai ɗan wasan da aikinsa ya karɓi ƙwallo a bayan sahun 'yan'uwansa, ya rungume ta, ya kutsa cikin mutum goma sha ɗaya da ke neman kayar da shi. Ƙungiya na da dama huɗu ta ci yadi 10, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Ƙarti biyar ne ke gabansa suna ture mutane don buɗe masa kafa, kafar kuwa ba ta jiran kowa, kafin ƙiftawar ido ta rufe.

Yawancin masu wannan aiki da ƙarfi ko da gudu suke taƙama. Barry Sanders, haifaffen Wichita ta jihar Kansas a 1968, da tsayawa ya gagara. Gajere ne a ma'aunin wasan, tsayinsa mita 1.73, amma cinyoyinsa kakkaura ne, nauyinsa duk yana ƙasa. Yana cikin gudu sai ya dasa ƙafa ɗaya ya tsaya cak, mai tare shi da ya riga ya saki jiki ya zarce yana rungumar iska, shi kuma ya karkata ɗaya gefen ya sake cin gudu a taku biyu. Wanda ya taɓa ganin zomo yana yanke karnukan farauta ya san abin: kare ya fi tsawon ƙafa, amma ba ya iya juyawa a inda zomo ke juyawa.

Ƙafa kaɗai ba ta isa ba, sai da ido. Kafin Sanders ya yanke mutum, ya riga ya ga wace ƙafa mutumin ya ɗora wa nauyi, domin wanda nauyinsa ke kan hagu ba zai koma dama nan take ba. Sai ya nuna kafaɗa can, ƙugu ya bi nan. Yana gamawa da na farko, hankalinsa na kan na biyu da na uku. Sau da yawa yakan jinkirta a bayan sahu da gangan har masu tsaro su tuttuɗo gefe ɗaya, sannan ya juya ya bi filin da suka bari.

Wannan salo yana da tsada. Mai neman hanya ta baya, wata rana a bayan za a cim masa, kuma an sha kayar da Sanders da asarar yadi biyu ko uku. Masu horarwa da ke son yadi huɗu tabbas a kowane ɗauka ba sa jin daɗin haka. Ni dai ina ganin cinikin ya biya: a kakar wasa 10 da ya yi wa Detroit Lions, daga 1989 zuwa 1998, ya ci yadi 15,269, wato yadi 5 a kowane ɗauka in an raba, kuma babu kakar da ya gaza yadi 1,000. Shekarar 1997 ta fi nuna halinsa. Wasanni biyu na farko yadi 53 kacal ya samu, daga nan ya jera wasanni 14 yana haura yadi 100 a kowanne, ya ƙare da 2,053, ya raba kyautar gwarzon shekara da Brett Favre. Da ma tun yana Jami'ar Jihar Oklahoma a 1988 ya ci yadi 2,628 a wasanni 11, ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i.

Duk da haka ba mai son a gani ba ne. In ya kai ƙwallo maƙura, maki 6 ke nan, sai ya miƙa wa alƙalin wasa ita ya koma benci, babu rawa babu bugun ƙirji. A wasan ƙarshe na kakarsa ta farko saura yadi 10 ya kamo wanda ke kan gaba wajen cin yadi a duk gasar NFL, Christian Okoye na Kansas City Chiefs, haifaffen Enugu, ƙato ne da ke bi ta kan mutane maimakon ya kauce musu. Lions na kan nasara, aka ba Sanders damar komawa fili ya cike gibin, ya ce a bari. Okoye ya ƙare da 1,480, shi da 1,470.

A Yulin 1999, yana da lafiyarsa, saura yadi 1,457 ya kamo tarihin cin yadi mafi yawa da Walter Payton ya kafa, wato 16,726, abin da kaka ɗaya mai kyau za ta ba shi, sai ya aika wa jaridar garinsu, Wichita Eagle, saƙon faks cewa ya yi ritaya. Daga baya ya bayyana cewa yawan rashin nasarar Lions ya rage masa sha'awar wasan. A shekaru goman nan sau ɗaya tak suka ci wasa a zagayen sili-ɗaya-ƙwale, a kan Dallas Cowboys a Janairun 1992. Emmitt Smith ne ya karya tarihin Payton a 2002, shi kuwa Sanders aka shigar da shi zauren gwarazan wasan da ke Canton ta jihar Ohio a 2004.