Jinjina ga 'Yan Ci-rani na Bakin Tekun Legas

Da zarar an kai masara da auduga gida a Malumfashi da Funtuwa, sai ka ga samari suna cika motocin Kudu. Wasu Agege za su tsaya, wasu Idi-Araba, wasu kuwa sai gaɓar teku.

Mai zuwa shaƙatawa Elegushi a watan Disamba abu uku yake nema: ya jiƙa ƙafa a ruwa, ya hau doki a ɗauke shi hoto, ya ci tsire. Biyun ƙarshe galibi a hannun mutanenmu suke. Mai doki shi ne gwanin da ba a yabo. Yana riƙe da linzami, yana lallashin wanda bai taɓa sa ƙafa a likkafa ba, yana kuma karanta kunnen dabbar, don ƙarar igiyar ruwa da kiɗan lasifika na firgita doki. Kafin baƙi su iso ya ba shi dusa, ya wanke masa gishirin jiya. Mai tsire kuma fama yake da iskar teku mai cinye gawayi da damshin da ke dunƙule yaji, amma ƙuli-ƙulinsa bai canza ɗanɗano ba.

Ƙasar da suke tsaye a kai ma ba tabbas. An cike bakin tekun Bar Beach da yashi aka gina sabon birnin Eko Atlantic, a 2024 kuma aka rushe wuraren shaƙatawa na Landmark saboda titin Legas zuwa Kalaba. Sai su ja dawakinsu su matsa gaba, su ci gaba da turo kuɗin taki gida kafin ruwan farko ya sauka.