Daga Fage Zuwa Ɗaki: Sharhi a Kan Waƙoƙin Kwamfuta Masu Hoton Zane a Ƙasar Kebbe da Tambuwal

1.0 GABATARWA

Masu nazari sun daɗe da raba waƙoƙin Hausa gida biyu, watau waƙar baka da rubutacciyar waƙa. A kan wannan rabo ne aka gina hanyoyin nazarin da muke koyar da ɗalibanmu a kwalejoji da jami'o'i, kamar wadda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa domin rubutacciyar waƙa, da wadda Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara domin waƙar baka. To, amma a 'yan shekarun nan wata irin waƙa ta ɓullo wadda ta ƙi zama daram a ɗayan gidajen nan biyu. Ita ce wadda matashi zai zauna shi kaɗai a ɗakinsa ya rubuta, ya haɗa mata kiɗa da kwamfuta ko wayar hannu, ya rera ya ɗauka, sa'an nan ya lulluɓe ta da hoton zane mai motsi, wanda yara ke kira katun, ya sake ta ta shiga duniya. A wannan takarda za mu kira ta waƙar ɗaki.

Manufarmu ita ce mu auna wannan waƙa bisa abin da muka saurara muka kuma kalla a ƙasar Kebbe da Tambuwal, a kudancin Jihar Sakkwato. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa aibin da ke cikinta ba daga na'ura ya taso ba, daga kaɗaicin mai yin ta ne, kuma hoton zanen da wasu ke ɗauka wasan yara, shi ne wurin da take da damar kawo sabon abu a adabin Hausa.

2.0 TAƘAITACCEN TARIHI

Kowa ya san cewa ƙasar Sakkwato, a tsohuwar iyakarta, gidan waƙa ce. A nan aka yi Ibrahim Narambaɗa da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, da Ɗan Anace makaɗin 'yan dambe. Abin da ya haɗa su duka shi ne, babu wanda ya yi waƙa shi kaɗai. Akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai makaɗa, akwai maroƙi, sa'an nan ga jama'a a fage. Ko da faifan garmaho da gidajen rediyo irin na Kaduna da Rima suka zo, daga baya kuma kaset ya biyo, aikinsu bai wuce ɗaukar abin da ƙungiya ta riga ta shirya ba.

Canji na farko ya zo ne ta hanyar finafinan Kano. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, sai sana'ar ta buƙaci waƙoƙi masu yawa cikin gaggawa, aka koma ga fiyanon Yamaha, wanda mutum ɗaya zai fitar da sautin kayan kiɗa iri-iri daga cikinsa. Karɓuwar waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta tabbatar da wannan hanya, wadda Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce a kanta da sunan kiɗan nanaye. Canji na biyu kuwa shi ne saukowar situdiyo daga bene a birni zuwa ɗakin saurayi a ƙauye. Wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai a 2001, YouTube ya bayyana a 2005, manhajojin haɗa kiɗa irin su FL Studio na ƙasar Beljiyam da Cubase na Jamus suka bazu a hannun matasa. Ba a ƙasar Hausa kaɗai abin ya faru ba. A Amurka, kundin waƙoƙin Billie Eilish na 2019, wanda ya ci manyan lambobin Grammy a 2020, a ɗakin kwana aka ɗauki mafi yawansa.

3.0 YADDA AKE HAƊA WAƘAR ƊAKI

Kayan aikin ba su da yawa: tsohuwar kwamfuta ko waya mai ƙarfi, makirfo, da abin saurare na kunne. A inda wutar lantarki ba ta tabbata, kamar ƙauyukan Kebbe, da farantin hasken rana ko janareton mai cajin waya ake dogaro. Mai waƙa kan jira dare ya raba, ya toshe taga da katifa ko bargo don kada kukan jaki ko ƙarar babur su shiga. Zai fara ɗora kiɗa, sa'an nan ya rera jagoranci, ya koma ya rera amshi da kansa, ya ninka muryar har ta yi kama da ta mutum uku ko huɗu. Daga nan sai ya bi ta da manhajar daidaita murya irin Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, aikinta kuwa shi ne janyo murya zuwa ga sautin da ya fi kusa a ma'aunin kiɗa. Idan ya gama, waƙar kan bi ta hannun masu tura waƙa a kasuwa, ta shiga katin ajiya na wayoyin mutane, wata kuma ta hau WhatsApp ko TikTok.

4.0 ABIN DA AKA SAMU DA ABIN DA AKA RASA

Kada mu yi wa waƙar ɗaki rashin adalci. A da, wanda bai gaji kiɗa ba, ko wanda gidansu ke ƙyamar roƙo, ko wanda ba shi da ubangida, da wuya a ji muryarsa. Yanzu ɗan malam da ɗan manomi duk suna iya faɗin abin da ke ransu ba tare da sun durƙusa a ƙofar kowa ba. Wannan 'yanci ne, kuma ya faɗaɗa turakun waƙa. Sai dai a ganinmu an biya shi da abubuwa uku.

Na farko shi ne amshi. A ƙungiyar makaɗan fada, 'yan amshi ba maimaitawa kawai suke yi ba. Suna karɓa, suna ƙari, suna cike ɗan waƙar da jagora ya faro, kuma su ne masu sauraro na farko. Ɗan waƙar da bai yi armashi ba, a bakinsu yake mutuwa kafin ya isa fada. Wanda yake yi wa kansa amshi ba shi da mai ce masa a'a. Shi ya sa za a ji waƙar da gindinta ya yi kyau, amma ɗiyanta suna ta zagaye wuri ɗaya, babu ci gaba a tunani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji Hausawa, amma yoyon waƙa na waje ne ke jin sa.

Na biyu shi ne karin sauti. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana a cikinsa. Alal misali, "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, ko "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, sauti ne ke raba su. Makaɗin gargajiya kan gina raujinsa bisa sautin kalmomi, shi ya sa kalangu ke iya magana har a gane. A waƙar ɗaki kuwa sau da yawa kiɗan ne ke riga zuwa, wani lokaci ma an aro karinsa daga finafinan Indiya, sai a tilasta wa kalmomi su shiga ciki ko sun ƙi ko sun so. Mun ji waƙar soyayya da mai ita ke nufin ya sha wuya, amma karin ya ɗaga gaɓar farko ya sauke ta biyu, sai kunne ya ji wuyan da ake rataya wa sarƙa.

Na uku shi ne karin harshe. Ƙarfin waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo yana tattare da Sakkwatancinsu. Amma saurayin da a gida yake cewa "munka", "wanga" da "gidanai", da ya fuskanci makirfo sai ya koma "muka", "wannan" da "gidansa", domin a zatonsa da Kananci kaɗai ake waƙar zamani. Ba muna cewa wani karin harshe ya fi wani ba ne. Abin da muke cewa shi ne, hikimar mutum ta fi fitowa da harshen da yake mafarki da shi.

5.0 HOTON ZANE

Dalilan da suka sa matasa suka rungumi zane a bayyane suke. Ɗaukar bidiyo na buƙatar kyamara da 'yan rawa da sutura da kuɗin mota. Akwai kuma kunya da tsoron abin da gari zai ce, musamman ga 'ya mace, wadda zane ke ba ta damar a ji muryarta ba a ga fuskarta ba. Bugu da ƙari, rashin tsaron da ya taɓa wasu ƙauyukan wannan yanki a shekarun baya-bayan nan ya rage taron dare a dandali.

Ya kamata mu tuna cewa wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a maƙwabtanmu. Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, kuma ya daɗe zaune a Tawa, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka. A fim ɗinsa Bon Voyage Sim na 1966, kwaɗi ya zana a matsayin shugaban ƙasa da fadawansa, ya yi wa masu mulkin bayan 'yancin kai zambo ba tare da ya kama sunan kowa ba. Wannan ita ce hanyar tatsuniya, inda Gizo da Ƙoƙi da kura ke ɗaukar halayen mutane.

Da wannan ma'auni, hotunan da muka kalla sun kasu biyu. Kashi na farko, wanda ya fi yawa, shi ne na aro. Mai waƙa kan ɗauko mutum-mutumin da manhaja ta riga ta tanada, sai a ga ana waƙar budurwar ƙauye amma ga yarinya mai gashi har baya a kan kujerar falo, cikin gidan da babu zaure babu rumbu. Haka kuma hoton ba ya yin kome sai bin baki: in an ce zuciya a zana zuciya, in an ce hawaye a zana hawaye. Wannan ba salo ba ne, cikon ido ne kawai.

Kashi na biyu shi ne wanda hoto ke faɗin abin da baki ya ɓoye. Misalin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wata waƙa da muka samu a wajen wani mai tura waƙa, ta wani saurayi daga ƙasar Kebbe. Turkenta cin rani ne: yaro ya tafi kudu neman kuɗin aure, ya komo ya tarar da gida babu kowa. Ko sau ɗaya bai faɗi abin da ya kori mutanen ba. Zanen ma bai da kyau a ido, layuka ne karkatattu. Amma duk sa'ad da aka komo kan gindin waƙa, sai a ga kura kwance a gindin rumbu, kuma a kowace komowa ta ƙara ƙiba, rumbun ya ƙara ramewa. Duk wanda ya fito daga yankin ya san wace ce kurar. A nan hoto ya karɓi aikin 'yan amshi, watau ya cike abin da jagora ya faro. Wannan habaici ne da ido, kuma a ganinmu shi ne sabon abin da waƙar ɗaki ta kawo.

Sai dai labulen nan yana da haɗari. Makaɗin da ya yi zambo a fada ya san gobe zai haɗu da wanda ya zamba, saboda haka yana auna maganarsa. Wanda ya ɓuya a bayan zane yana iya cin mutuncin bayin Allah, babu mai tuhumarsa.

6.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa waƙar ɗaki ana rubuta ta kamar rubutacciya, ana jin ta kamar ta baka, ana kuma kallon ta kamar wasan kwaikwayo. Don haka muna ba da shawarar a ƙara tambayoyi uku a kan hanyoyin nazarinmu idan an zo kanta. Shin kiɗan ya girmama sautin kalmomi? Shin amshin ya ƙara wani abu, ko kuwa amo ne kawai? Shin hoton ya faɗi abin da babu a cikin baiti?

Haka kuma akwai aiki a kan sassan Hausa na kwalejojin ilimi. Yawancin masu wannan waƙa sa'o'in ɗalibanmu ne, wasu ma ɗalibanmu ne. Za mu iya zame musu 'yan amshin da suka rasa, ta hanyar shirya zaman saurare inda za a gaya wa mutum gaskiya kafin ya saki waƙarsa.

Abu na ƙarshe kuma mafi gaggawa shi ne adanawa. Waƙoƙin Jankiɗi sun iso gare mu ne domin akwai waɗanda suka ɗauka suka ajiye. Da muka koma neman waƙar kura domin wannan takarda, sai muka tarar kwamfutar mai tura waƙar ta lalace, kwafin da ke wayarmu kaɗai muka iya samu. Idan muka tsaya gardama a kan ko wannan waƙa ce ko ba waƙa ba ce, za mu farga ne bayan abin nazarin ya ɓace. Muna fatan 'yan'uwa malamai za su gyara mana inda muka yi kuskure, su kuma ɗora daga inda muka tsaya.