Ƙofar Baya: Nazari Kan Masu Tayar da Tsofaffin Motocin Asibiti

A filin baje kolin tsofaffin motoci a Ingila, daga gaba ake fara kallon mota. Mai ita zai ɗage bonet, 'yan kallo su sunkuya su leƙa inji, a yaba ƙyallin fenti, a tambayi gudunta. Motar asibiti ce kaɗai ta saɓa wa wannan al'ada. Ita bayanta ake zagayawa, a tsaya a bakin ƙofofin nan biyu, kuma sau da yawa sai surutu ya ragu kamar an shiga gidan da ake jinya. Duk wanda ya ɗauki aikin tayar da irin wannan mota, ko ya sani ko bai sani ba, abin da ke bayan ƙofofin nan ne zai yi masa alƙalanci.

Wadda ta fi shahara a wajen masu wannan sha'awa a Birtaniya ita ce Austin K2/Y, wadda sojoji suka raɗa wa suna Katy. An ƙera guda 13,102 a masana'antar Austin ta Longbridge da ke Birmingham tsakanin 1939 da 1945, shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Mann Egerton kuma shi ya riƙa gina mata ɗakin baya. Injinta mai silinda shida ne, ƙarfin doki 60, in an taka ta sosai ta kai kilomita 80 a awa. Giyarta sai wanda ya san halinta: tazarar da ke tsakanin wata giya da wata tana da faɗi, direban da bai iya taka kuloci sau biyu ba kuwa sai dai ya yi ta jin haƙoran giya suna kuka. A kan irinta Gimbiya Elizabeth ta koyi tuƙi da aikin kanikanci a 1945, tana da shekara 18, lokacin da ta shiga rundunar mata ta ATS, kuma hotunanta a gefen motar sun ƙara wa Katy farin jini da tsada.

Ɗakin bayan gadaje huɗu ne, biyu a kowane gefe, ɗaya bisa ɗaya, da siririyar hanya a tsaka inda mai kula da majinyata zai tsaya. In a zaune za a ɗauki mutane, goma ne. Wannan a takarda ke nan. Wani tsohon soja da ya tuƙa ta a fagen daga na Arewacin Afirka ya ba da labarin ranar da ya kwashi mutum 27, wasu a kan bonet, wasu a matakalar baya. Na'urorin da muka saba gani yau masu lura da bugun zuciya babu ko ɗaya. Bargo ne, da bandeji, da ruwa, da sifirin motar ɗaukar kaya wanda ke isar da kowane rami kai tsaye zuwa ƙashin da ya karye.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka inji ne babbar wahala. Inji shi ne mai sauƙi, domin ƙarfe yana da haƙuri, kuma Austin ta ƙera manyan motoci da yawa masu irin wannan inji, saboda haka ana samun kayan gyara. Ciwon kan yana baya. Ɗakin Katy ƙashinsa katako ne, aka lulluɓe shi da yadi mai kauri aka shafe da fenti. Bayan yaƙi an yi gwanjon waɗannan motoci, wata ta koma motar talla, wata ɗakin kwanan matafiya, wata ta ƙare a gona kaji suna ƙwai a cikinta. Ruwan Ingila kuwa ba ya raga wa katako. Mai gyara zai ɗaga yadin ya taɓa ginshiƙi da yatsa ya ga yana marmashewa kamar garin rogo. Daga nan aikin ya bar hannun bakanike ya koma na kafinta: a cire kowane ɓallin katako a hankali, a auna shi, a sa masa lamba, a sassaƙa sabo daidai da shi. Akwai masu shafe shekaru a kan wannan kaɗai.

A nan gardamar farko take tasowa. In an sauya katako, an sauya yadi, an sauya daɓen, me ya saura na motar da ta je yaƙi? Wasu suna cewa muddin shasi da farantin lambarsa suna nan, motar tana nan. Ni wannan gardama ba ta cika tayar mini da hankali ba, wataƙila don na tashi a inda ake yi wa gidan ƙasa yaɓe bayan kowace damina, kuma ba wanda ya taɓa cewa gidan kakanmu ya zama wani gida. Tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: wace rana ce daga cikin rayuwar motar ake son a dawo da ita?

Motar soja ba ta da kama ɗaya. Rundunar Birtaniya ta fara yaƙin da wani kore mai duhu, ta koma ruwan ƙasa a tsakiyarsa, sannan a 1944 ta koma wani koren mai kama da na Amurkawa, motocin hamada kuma launin rairayi. Mai gyara na ƙwarai ba ya gaggawar kankare tsohon fenti. Zai ɗauki sanfefa mai laushi da ruwa ya riƙa gogawa a ƙofa ko a gefen bonet, shafi bayan shafi, har lambar soja ko tambarin runduna ya ɓullo daga ƙarƙashin fentin manomin da ya saye ta daga baya. Wanda ya kai motarsa aka feshe ta da yashi rana ɗaya ya huta, amma ya share takardar haihuwarta da hannunsa. Sai kuma ka ga an gama aiki an kawo ta fili tana walƙiya kamar motar amarya, alhali fentin soja da gangan aka yi shi dishi-dishi don kada ya ɗauki ido daga sama. Garin neman gira an rasa ido.

Fim ma ya kawo nasa ruɗanin. A 1958 aka fito da Ice Cold in Alex, wanda J. Lee Thompson ya ba da umarni, John Mills da Sylvia Syms suka fito a ciki, labarin wasu mutum ƙalilan da suka ratsa hamada da Katy daga Tobruk zuwa Iskandariyya. Wurin da kowa ke tunawa shi ne inda suka cire fulogogi, suka sa giyar baya, suka riƙa juya hannun tayar da inji suna hawar da motar tudun rairayi taku bayan taku, ta kusa kai ƙoli ta suɓuce ta gangaro, suka sake daga farko. Sai dai motar da aka ɗauki hotunan hamada da ita an ɗora ta ne a kan shasi mai jan ƙafa huɗu don ta iya rairayin Libiya, ita kuwa K2/Y ta asali ƙafafun baya kaɗai take ja. Duk da haka fim ɗin ne ya zauna a zukatan 'yan kallo, kuma mai motar da ba ta taɓa taka rairayi ba sai ya ji sha'awar shafa mata launin hamada don a ce ga Katy.

A Amurka ɓarnar fim ta fi haka. Motar da aka yi amfani da ita a Ghostbusters na 1984 Cadillac ce ta 1959 wadda kamfanin Miller-Meteor ya gina wa jikin motar asibiti, irin da ba a ƙera da yawa ba. Tun daga lokacin masoya fim ɗin suke farautar waɗanda suka rage suna mayar da su kwafin ta fim, da tsani da bututu da tarkace a kan rufi. Kowace ɗaya da aka yi wa haka, an rage shaida guda a kan wani zamani da Amurkawa da kansu suka fara mantawa.

Zamanin kuwa abin mamaki ne, ko da yake mu nan ba zai ba mu mamaki sosai ba. Rahoton da Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 1966 ya nuna cewa kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya a ƙasar masu sana'ar shirya gawa ne suke yin sa, don su ne ke da doguwar motar da mutum zai miƙe a ciki. Da yawa daga motocin an gina su ne da fuska biyu: da safe a kai mamaci maƙabarta, da rana a sa fitila a ka, a shimfiɗa gado, a tafi ɗauko wanda ya yi hatsari. Rufinsu gajere ne, ko manyan cikinsu irin Superior 54 inci 54 ne daga daɓe zuwa sama, ma'aikaci a durƙushe yake aiki. Bayan rahoton aka yi wata doka a 1973, aka fitar da ƙa'idar gwamnatin tarayya ta 1974 wadda ta nemi ɗaki mai faɗi da kayan ceto, Cadillac ta rage girman shasinta a 1977, kafin 1980 an daina ƙera irinsu. Motar da ke ɗaukar mutum ta kai shi wurin magani ta ba da wuri ga motar da ake fara maganin a cikinta.

Masu adana waɗannan motoci sun kafa ƙungiyar Professional Car Society a 1976, kuma suna da doka guda da nake ganin girmanta: ba a yarda a sa akwatin gawa, ko ƙoƙon kai, ko wani abin ban tsoro a motar da aka kawo baje koli ba. Sun ce motar aiki ce ta mutunci, ba ta wasan dodo ba. A ɗaya ɓangaren akwai masu kwaikwayon yaƙi a tarukan motocin soja, waɗanda ke kwantar da mutum-mutumi a gado su naɗe shi da bandeji mai jan fenti. Na farkon wani lokaci tsabtarsu takan yi yawa har ka manta an taɓa nishi a wurin. Na biyun kuma sun cika wurin da ƙarya har ba su bar wa mai kallo gurbin tunani ba. Nunin da ya fi kama hankali shi ne mafi ƙarancin ado: ƙofofi a buɗe, gadon tamfol a mazauninsa, bargo a naɗe, da mai mota da zai ce wa yaro hau ka kwanta a na sama, ka ga tazarar da ke tsakanin hancinka da rufi.

Ko jan kuros ɗin da ke jikin motar ba fenti ne kawai ba. Tambari ne da yarjejeniyar Geneva ta kare tun 1864, kuma dokar Birtaniya ta 1957 ta haramta amfani da shi ba tare da izinin hukuma ba, don kada ya zama ado ya rasa kwarjininsa a fagen fama. Haka fitilar gaggawa da jiniya: mai tsohuwar mota ba shi da hurumin kunna su a titi. Motar tana sanye da rigar aikin da aka riga aka sallame ta daga shi.

Ni dai na fi ganin ƙimar masu fitowa da ita kan hanya a kan masu ɗauko ta a bayan tirela. Tun 1962 ƙungiyar masu tsofaffin motocin aiki ta Birtaniya take shirya tattaki daga Landan zuwa Brighton a watan Mayu, manyan motocin kaya da bas-bas da na kashe gobara da na asibiti kowace da ƙafarta. Wanda ya zauna a bayan irin wannan mota na tsawon wannan tafiya, ya ji jijjiga da warin fetur da ƙarar giya, ya san abin da allon bayani ba zai gaya masa ba.

Mu ma muna da tamu, ko da yake ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma doguwar 504, Fijo a bakinmu, ita ce ta zama motar asibiti a garuruwa da yawa na ƙasar nan. Labarinta bai yi nisa da na Cadillac ba. Mara lafiya a tasi ko a bayan a-kori-kura ake kai shi asibiti, ita kuwa farar motar an fi ganinta ranar da za a mayar da mutum gida a yi masa sutura. Har yau akwai tsofaffin da in suka ga ta shigo unguwa sai su fara salati kafin su tambayi gidan wa ta nufa.

Masu hannun da za su tayar da ita ba su yi mana ƙaranci ba. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san akwai mai walda da mai bugun bodi da za su fitar da ƙofar 504 daga falankin ƙarfe. Bambancin shi ne mu muna gyara mota don ta koma aiki, in ta kasa kuma sai 'yan gwangwan su zo da sikeli. Akwai wata da na daɗe ina gani a bayan wani asibiti a garinmu, an ɗora ta a kan duwatsu, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Inji ya tafi tun tuni, gilasai ma haka, kujerar direba wani maigadi ya fitar da ita yana zama a kai. Ran nan na zagaya na ja ƙofar baya, ta buɗe da ƙyar. Dogayen ƙarafa biyu da gadon ke zamewa a kai suna nan a daɓe, kuma a jikin rufin akwai 'yar ƙugiyar da ake rataya ledar ƙarin ruwa, ba wanda ya ga amfanin cire ta.