Tatsuniyar da Aka Karkata da Masu Karatunta

Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwa da dare ya san yara ba su yarda a taɓa musu tatsuniya. In jiya ta ce kura ce ta faɗa rijiya, yau kuwa ta manta ta ce dila ne, kafin ta rufe baki an yi mata caa, kowa na cewa ba haka ba ne. Yaro ya fi son ya ji abin da ya riga ya sani, ya kuma same shi daidai inda ya ke jiransa. To, a ƙasashen Turai da Amurka akwai waɗansu marubuta da suka mai da wannan kuskure na tsohuwa sana'a. Su kan ɗauki tatsuniyar da kowa ya sani tun yana goye, su karkata ta da gangan, su sa mata tufafin zamani da maganar zamani, sa'an nan su buga don manya su karanta su yi dariya. Littattafan nan sun sami kasuwa, sun kuma sami masu zagi, abin da ya raba kan masu karatunsu kuwa ya isa a tsaya a duba shi.

Akwai wata tatsuniya da babu ɗan Bature da bai san ta ba, ta wata yarinya mai jar hula. Uwarta ta aike ta da abinci a kwando wurin kakarta, a bayan daji. Kyarkeci ya riga ta isa, ya haɗiye kakar, ya sa tufafinta, ya haye gado ya lulluɓa. Da yarinya ta zo sai ta tsaya tana mamakin girman kunnuwan kakarta, da idanunta, da haƙoranta, har dabban ya yi wuf ya kama ta. A cikin shekarar 1939 wani Ba'amurke, James Thurber, ya sake rubuta ta a mujallar New Yorker, a 1940 kuma ya haɗa ta da waɗansu irinta cikin littafi guda. Tasa ba ta cika shafi ɗaya ba. Yarinya ta shigo ɗaki, tun daga nesa ta gane kyarkeci ko ya sa hular barci bai yi kama da tsohuwa ba, sai ta zaro ƙaramar bindiga daga cikin kwandon ta harbe shi. Shi ke nan labari ya ƙare.

In aka ba wanda bai taɓa jin ta farin ba wannan, ba abin da zai gani sai yarinya ta kashe dabba, ya ce to, madalla. Wanda ya san ta kuwa yana nan yana jiran tambayar kunnuwa da haƙora, ya ma buɗe baki zai taya yarinya faɗa, sai ya ji ƙarar bindiga. Nan dariya ke kuɓuce masa, kuma rabin dariyar kansa ya ke yi wa, don shekara da shekaru bai taɓa tambaya ba yadda yarinya mai ido biyu za ta kasa rarrabe kakarta da naman daji. Watau marubucin rabin aiki ya yi, mai karatu ne ya zo da sauran rabin daga gida. Abin ya yi kama da wasan taubasai, ko wasan da ke tsakanin Bafillace da Babarbare: maganar da za ta sa su ƙyaƙyata, in baƙo ya ji ba zai gane ba, in kuwa ya ara ya faɗa sai a yi rigima. Zumunci ne ya halatta wasan, kuma zumuncin nan shi ne ya kan jawo fushi in mai ji ya ga an wuce gona da iri.

Babban mai fushin da aka sani a wannan fage shi ne Dikins, mashahurin marubucin Ingila. Yana da wani tsohon aboki mai zanen hotuna, George Cruikshank, wanda ya yi wa littafinsa Oliver Twist zane. Mutumin nan giya ce ta kashe ubansa, shi ma ya sha ta har ya tuba, ya zama mai wa'azin barinta. A 1853 ya fara fitar da tsofaffin tatsuniyoyi da ya gyara, ya cusa musu wa'azin giya ta ko'ina. A cikin tasa tatsuniyar Sindirela, wadda ta fito a 1854, ranar biki aka tara duk giyar gari aka cinna mata wuta. Dikins bai jira wannan ba ma. Tun a 1853 ya buga maƙala a mujallarsa, Household Words, ya kira aikin abokinsa zamba ga tatsuniya. Hujjarsa ita ce, a zamanin da komai ya koma lissafin riba, tatsuniya ce 'yar inuwar da ta rage wa yara, in aka bar kowane mai ra'ayi ya shiga ya kafa tutarsa, ba da daɗewa ba za a nemi ta asali a rasa. Cruikshank bai yi shiru ba, ya mai da martani da wata wasiƙa da ya sa a bakin ɗaya daga cikin yaran tatsuniyar.

Abin dariya a nan, da Dikins ya tashi nuna munin gyaran, sai shi ma ya zauna ya rubuta tasa Sindirela ta ba'a a cikin maƙalar. Ya mai da ita 'yar ƙungiyar masu ƙin giya tun tana ƙarama, ta girma ta zama sarauniya mai ɗaure duk wanda ya ci ko ya sha abin da ita ba ta ci ba ta sha. Mai kare tatsuniya daga masu taɓa ta ya taɓa ta ke nan, kuma tasa ta fi ta abokinsa daɗin karatu nesa ba kusa ba. Wannan ya nuna abin da ya ƙona masa rai wa'azin da aka ɓoye ne, aka miƙa wa yara kamar magani cikin zuma ba su sani ba. Wanda ya karkata labari a fili, gaban manya da suka san yadda ya ke, bai yaudari kowa ba.

Amma fa inda Dikins da magadansa suka yi rauni shi ne zancen asali. Wace ce ta asalin? Charles Perrault, Bafaranshen da ya buga tatsuniyar mai jar hula a 1697, ga manyan fada ya rubuta ta, a wurinsa kuwa kyarkeci ya cinye yarinya, ba wanda ya zo ceto. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus da a ke kira Girim, waɗanda littafinsu ya fara fita a 1812, a tasu maharbi ne ya zo ya farke cikin dabban ya fid da yarinya da kakarta da rai. Su ma da aka yi musu ƙorafi cewa littafin bai dace da yara ba, sai suka shiga gyara. A bugun 1819 suka cire maganar cikin da wata yarinya ta yi a hasumiyar da aka kulle ta, suka kuma mai da wata muguwar uwa ta zama matar uba, don kada a ce uwa ta nemi ran 'yarta. Haka suka yi ta yi har bugu na bakwai a 1857. Saboda haka mai karatun da ke rantsuwa an ɓata masa tatsuniyar kakanni, galibi abin da ya ke karewa gyaran wani ne da ya riga ya mutu. Duk da haka ba a ce ƙorafinsa banza ne ba. Muryar wadda ta fara gaya masa labarin ya ke ji an yi wa ba'a, wannan kuwa ba a jayayya da shi da kwanan wata.

Wani fushin kuma na iyaye ne, shi bai dami kansa da asali ba, tambayarsa ɗaya ce: hannun wa littafin zai faɗa? Roald Dahl ya fitar da tatsuniyoyi shida cikin waƙa a 1982, da sunan Revolting Rhymes. An buga shi don yara, amma barkwancinsa da yawa na manya ne: ɗan sarki ya fille kawunan 'yan'uwan Sindirela, mai jar hula ta harbe kyarkeci ta ɗinka riga da fatarsa. A 2014, shekara 24 bayan mutuwar marubucin, kantunan Aldi na ƙasar Ostareliya suka kwashe littafin daga kan kanta saboda ƙarar da aka kai a Facebook kan kalma guda ta zagin mata da ke ciki, waɗansu masu karatu kuma suka taso wa kantin da faɗa don ya kwashe. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, tun da littafin ya tsaya ƙafa ɗaya a zauren manya, ƙafa ɗaya a tsakar gida.

Wanda ya fi kowa cin kasuwa da wannan sana'a shi ne James Finn Garner, wani marubucin barkwanci na birnin Shikago. A lokacinsa ana ta gardama a Amurka, musamman a jami'o'i, kan gyaran harshe, watau a bar kalmomin da ke ƙasƙantar da mata, da baƙar fata, da naƙasassu, a nemi waɗansu masu ladabi. A 1994 ya fitar da tatsuniyoyi 13 cikin ɗan ƙaramin littafi, Politically Correct Bedtime Stories, ya sa kowa a ciki yana magana da irin wannan harshe har ya zarce hankali. Talaka ba a ce masa talaka sai an yi doguwar kwana. Da mai saran itace ya faɗo ɗaki da gatari zai ceci mai jar hula, sai ta rufe shi da faɗa, wai wa ya gaya masa mace da kyarkeci ba su iya sasanta tsakaninsu sai namiji ya sa baki. Kakar ta fito daga bakin dabban ta sare masa kai, su uku suka zauna gida ɗaya lafiya. Littafin ya fi shekara guda cikin jerin waɗanda aka fi saye na jaridar New York Times, an sayar da fiye da miliyan 2, a 1995 kuma ya ƙara biyu irinsa.

Masu dariyar nan kuwa ba abu ɗaya ya ba su dariya ba. Wanda da ma ya ƙi jinin gyaran harshen ya ɗauki littafin kamar sanda aka miƙa masa. Wanda ke goyon bayan gyaran, amma ya gaji da masu zaƙewa, ya yi dariyar ganin kansa a madubi. Akwai kuma wanda aka daɗe ana kiransa da sunan raini, shi bai ga abin dariya ba wajen yi wa masu neman a daina ba'a. Littafi guda, ga mutum uku kowa ya karanta nasa dabam, tatsuniyoyin kansu kuwa ba wanda ya kula da su, sun zama jakin da aka ɗora wa kayan gardama.

A nan ne aibin littafin ya ke. Wasa ɗaya ne aka maimaita sau 13, wanda ya karanta uku na fari ya san yadda sauran za su kasance. Bayan haka yana bukatar mai karatu ya zo da abu biyu daga gida, tsohuwar tatsuniya da kuma gardamar Amurka ta shekarun 1990, in ɗaya ya ɓace dariya ta ragu. Thurber abu ɗaya kaɗai ya nema, abin da ya yi wa ba'a kuma, watau saurin yarda da ƙarya don an saba jinta, ba shi da zamani. Shi ya sa ɗan shafinsa na 1939 bai tsufa ba.

Masu karatun Hausa sun san wata hanya ta uku, ko da ya ke da yawa ba su san sun sani ba. Sa'ad da Abubakar Imam ya ke rubuta Magana Jari Ce a Zariya, wanda ya fara fita a 1937, ya ɗebo labaru daga Alfu Laila da littafin Girim da waɗansu, ya sa a bakin aku. Labarin Kalala da Kalalatu, na matar da ta cinye kajin baƙo sa'an nan ta haɗa mai gida da baƙonsa tsere, yana da ɗan'uwa a littafin Girim, inda wata kuku ce ta yi wa ubangidanta haka. Imam ya sāke sunaye, ya sāke gida, ya mai da kuku matar aure, ba kuwa a yi masa caa ba, don masu karatunsa ba su zo da na Jamus a ka ba balle su ce an taɓa. Dole ya zuba dariyar duka a cikin labarin kansa, cikin kwaɗayin matar da saurin ƙaryarta, don haka yaro da dattijo suka iya yin ta tare.

Wanda zai gwada irin wasan Thurber da tatsuniyar Hausa kuwa zai gamu da wata wahala da Turawa ba su gamu da ita ba. Mai jar hula da Sindirela salihai ne, ƙaramin turi ya isa ya kifar da su a yi dariya. Gizo kuwa da ma makirci ne, maƙaryaci, mai tsamin baki, shi ne ke yi wa zaki da kura ba'a tun kafin Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyinsa a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. In an ba shi mota da wayar hannu bai sāke ba, Gizo ne dai ya sami sababbin kayan aiki. Sai dai a mai da shi mai gaskiya, a ba shi ajiya ya mayar cif, Ƙoƙi ta zauna tana kuka ta ce an sauya mata miji.