Wace Ɗauka Ce Waƙar? Tsokaci Kan Zaɓen Faifai Daga Simfonin Turai Zuwa Gurmin Haɗejiya

Akwai wata muhawara da masu sharhin kiɗa na ƙasashen Turai suka daɗe suna yi, wadda a ganina ta shafe mu, mu masu nazarin waƙoƙin baka na Hausa, fiye da yadda muke zato. Muhawarar kuwa ita ce: idan kiɗa ɗaya ya fito a faifai goma, wanne daga ciki mutum zai ɗauka ya ce shi ne kiɗan?

Abin da suke kira simfoni dogon kiɗa ne wanda galibi babu waƙa a cikinsa, mai sassa huɗu bisa al'ada, kuma ayarin makaɗa ne ke yin sa, masu goge da masu busa da masu ganga, wani lokaci har su kusa ɗari. Mutum ɗaya ne ke tsara kiɗan ya rubuta shi a takarda da alamomi na musamman, wani daban kuma shi ke tsayawa gaban ayarin da 'yar sanda a hannu yana ba da umurni. Wannan na biyun za mu kira shi madugu a nan, tun da shi ke cewa a tashi, a yi sauri, a sassauta, a sauka. Simfoni na biyar na Beethoven, alal misali, an fara kaɗa shi a Biyana a 1808, kuma tun daga 1913, lokacin da Arthur Nikisch ya ɗauke shi a faifan garmaho tare da makaɗan Balin, madugai suke ta maimaita shi. Arturo Toscanini, mutumin Italiya, ya yi suna da sauri da tsare ƙa'ida. Wilhelm Furtwängler na Jamus kuwa yakan ja kiɗan ya sake shi yadda zuciyarsa ta ba shi a wannan rana. Herbert von Karajan shi kaɗai ya sha ɗaukar simfoni tara na Beethoven gaba ɗaya, kuma na farkon shekarun 1960 bai zama ɗaya da na shekarun 1980 ba.

To, amma duk wannan saɓani yana da alƙali, wato rubutaccen kiɗan. A 1817 Beethoven ya fitar da lambobin da ke nuna saurin da yake so a bi a simfoninsa takwas na farko, saboda haka mai sharhi yana iya buɗe takarda ya ce wane ya yi nawa, wane ya yi gaggawa. Ko da zai fi son wanda ya saɓa wa takardar, ya san abin da aka saɓa wa. Mu kuwa ba mu da wannan alƙali. Makaɗin Hausa shi ne mai tsara waƙa, shi ne mai rera ta, shi ne kuma madugun ƙungiyarsa, kuma babu wata takarda da ya bari wadda za a koma gare ta. Abin da ya rage mana bayan rasuwarsa shi ne abin da na'ura ta kama. Ke nan zaɓen faifai, wanda a wurin Bature al'amari ne na ɗanɗano, a wurinmu shi ne zaɓen matanin da za a gina nazari a kansa.

Kowa ya san cewa Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba guda ɗaya ba ce. Ya rera ta a lokuta daban-daban, a wurare daban-daban, ɗiyan waƙar suna ƙaruwa suna raguwa, wasu sunaye suna shiga wasu suna fita, gindin waƙar ne kawai ke nan daram. Duk da haka sai ka ga kundin digiri an rubuta ratayen waƙar a ƙarshensa, an sa mata suna, ba a faɗi daga wace ɗauka aka juyo ta ba, sa'an nan an ƙirga ɗiyanta an yanke hukunci a kan tsarinta da jigonta. Wani ɗalibi kuma ya zo da tasa ƙirgar wadda ta saɓa, alhali kuwa babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ba waƙa ɗaya suka saurara ba. Wannan sakaci bai dace da mu ba, musamman da yake magabata a fagen sun nuna hanya. David Ames, wanda ya ɗauki kaɗe-kaɗe a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, ya fitar da faya-fayansa tare da bayanin masu kiɗan da kayan kiɗan da kuma sha'anin da ake yin kowane kiɗa dominsa, kuma ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa da suka wallafa shi da Anthony King a 1971 a kan irin wannan kula aka gina shi.

Bari mu gangara Haɗejiya, domin a can ne matsalar ta fi fitowa fili. Sunan da ya fi tashe a kiɗan wannan gari a ƙarni na ashirin shi ne na Alhaji Haruna Uji, mai gurmi. Gurmi kuwa ƙoƙo ne da aka rufe da fata aka ɗora masa tsirkiya biyu ko uku, kuma da yatsa ake kaɗa shi. A da an fi sanin sa a fagen kokawa, amma Haruna Uji ya kai shi ga waƙoƙin soyayya da na zaman duniya, har waƙarsa ta Jummai ta zama ita ce abin da mutane da yawa ke fara tunawa idan an ambace shi. A yau mai neman waƙoƙinsa, ko a Haɗejiya ko a Malam Madori ko a Kafin Hausa, wurin masu tura waƙoƙi a waya zai je, ko ya leƙa intanet. Abin da zai samu a can jikan kaset ne ko tattaɓa-kunnensa: an juya daga wani kaset, shi ma daga wani aka juyo shi, kafin a zuba a kwamfuta. Ba suna, ba shekara, ba wuri.

Abu na farko da ya kamata mai zaɓe ya kula da shi a nan shi ne gudun zaren kaset. Ƙa'idarsa ita ce santimita 4.76 a daƙiƙa, amma rikodar kasuwa ba ta cika tsayawa a kan wannan ba, balle wadda batirinta ya yi sanyi. Idan gudun ya ƙaru da kashi 6 cikin ɗari, amon kiɗan gaba ɗaya yakan hau da taki guda na ƙananan matakan amo, muryar dattijo ta koma kamar ta saurayi, tafiyar gurmin kuma ta zama gaggawa. Karin sautin kalmomi ba ya rikicewa, tun da komai tare yake hawa, shi ya sa mai juyar waƙa zuwa rubutu ba ya lura. Amma duk wanda zai yi magana a kan raujin waƙar, ko natsuwar muryar mawaƙin, to, yana iya yabon abin da na'ura ta yi yana zaton mawaƙi ne. Maganin wannan ba wuya gare shi: a tara ɗauka biyu ko uku a gwama, a kuma kunna wa dattawan da suka ji mutumin da kunnensu.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne bambancin ɗaukar fage da ta ɗaki. Ra'ayin da ya yaɗu tsakanin manazarta shi ne cewa ta fage ita ce ta gaskiya, domin a nan ne mawaƙi yake ganin wanda yake yi wa waƙa, kyauta tana fitowa, maroƙi yana sanƙira, waƙa tana tsawo gwargwadon hannun masu bayarwa. Na yarda da wannan a kan kiɗan fada da kiɗan jama'a. Waƙar sarauta da aka yi a ɗakin gidan rediyo, babu sarki, babu fadawa, babu dawaki, kamar hawan salla ne da aka yi a zaure. Haka nan kakaki da algaita da tambura na ƙofar fadar Haɗejiya: kayan fili ne, ba su da kyan ji sai da sarari da hayaniyar da aka yi su domin su rinjaya. Amma ban yarda a shimfiɗa wannan hukunci a kan gurmi ba. Gurmi ƙaramar murya gare shi. A fage, tafi da guɗa da ƙarar lasifika sukan haɗiye shi, sai a bar mai sauraro da kalmomi kawai, alhali rabin gwanintar mai gurmi tana cikin abin da yatsunsa ke faɗi a tsakanin ɗa da ɗa, lokacin da bakinsa ya yi shiru. A nan ɗaukar ɗaki ita ce ta fi riƙe amana, ko da ta rasa zafin taro.

Wurin da aka ajiye makirfo shi ma hukunci ne, ko da mai ajiyewar bai sani ba. 'Yan amshin Shata gindin waƙa kawai suke maimaitawa, har abin ya zama karin magana, saboda haka idan muryarsu ta yi nisa a faifai ba a yi asarar matani ba. Ba haka abin yake ba ga makaɗan kotso irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, inda jagora kan fara magana 'yan amshi su karɓe su ƙarasa ta. Faifan da ya fifita jagora a irin wannan waƙa ya yanke rabin kowace jimla. Wanda ya juyi waƙa daga irinsa yakan cike gurbin da zato, zaton kuma ya shiga littafi ya zama hujja.

Sai kuma tsawo. Faifan garmaho na da, mai juyi 78 a minti, abin da fuskarsa ɗaya ke ɗauka bai wuce minti uku zuwa huɗu da 'yan kai ba, kaset kuwa yakan ba da minti 30 ko 45 a kowace fuska. Mawaƙin da aka ce masa ga iyakar lokacinsa dole ya zaɓi ɗiyan da zai sa, wanda kuma kaset ya ƙare masa a tsakiyar ɗa ba shi ya rufe waƙarsa ba. Saboda haka kafin a ce waƙa kaza ba ta da marufi, sai a tabbata ba zare ne ya ƙare ba.

Kada a ɗauka Turawa sun tsira daga irin wannan ruɗani don suna da takarda. Shahararren faifan simfoni na tara da Furtwängler ya jagoranta a bikin Bayreuth a Yulin 1951 ya shekara fiye da hamsin ana sayar da shi a matsayin abin da aka kaɗa a daren. Da aka fitar da ɗaukar gidan rediyon Babariya a 2007, sai masu sauraro suka ji bambanci, aka kuma fahimci cewa faifan farko an haɗa shi da wasu sassa na gwajin da aka yi kafin taron. Har yanzu akwai masu fifita na farkon, kuma suna da hujjarsu. Abin lura dai shi ne sun iya gano haka ne saboda gidajen rediyonsu sun adana zarensu da kwanan wata a jiki.

Mu namu zaren yana cikin akwatunan mutane, kuma ƙasar Haɗejiya ba wurin da kaset ke daɗewa ba ne. Zafin bazara yana sa zare ya manne, laimar damina tana sa shi fumfuna, ambaliya kuma, irin wadda ta ci garuruwan fadamar kogin a 2020 da 2022, ba ta tambayar abin da ke cikin akwati. Shawarata ga ɗalibin da zai yi aiki a kan Haruna Uji, ko a kan makaɗan kokawa da na masunta na Guri da Kirikasamma da Auyo, ita ce ya fara neman kaset ɗin kansa kafin abin da ke cikin waya, ya rubuta wanda ya ba shi, da inda shi mai bayarwar ya samo, da abin da aka rubuta a bayan kwalinsa, da tsawon waƙar minti da daƙiƙa. Idan ya sami ɗauka biyu, kada ya haɗa su ya fitar da ta uku wadda mawaƙin bai taɓa rerawa ba. Ya zaɓi ɗaya ya faɗi dalilinsa, ɗayar kuma ya kawo bambance-bambancenta a ƙasan shafi.