Tsokaci a Kan Wasannin Talabijin Masu Dogon Zango: Daɗin Kowa da Kwana Casa'in

Gabatarwa

An shirya wannan 'yar takarda ne domin ɗaliban da ke nazarin wasan kwaikwayo a wannan sashe, musamman masu tambayar ko wasannin da ake nunawa a talabijin a yau sun cancanci a ɗora su a kan ma'aunin da muke ɗora Jatau Na Kyallu ko Uwar Gulma. Amsar a taƙaice ita ce sun cancanta. Ai wasannin Shu'aibu Maƙarfi ma a rediyo aka fara jin su kafin su zama littafi, kuma babu manazarcin da ya raina su saboda haka. Abin da za a yi a nan shi ne a duba wasanni biyu na tashar Arewa24, wato Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, ta fuskar zubi da tsari da 'yan wasa da kuma harshe, sannan a ɗan taɓo wasu biyu a gurguje. Dalilin zaɓen su shi ne, duk da cewa a Nijeriya ake shirya su, tauraron ɗan Adam da wayar hannu sun shigo da su gidajen Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, har ya zama yaro na iya sanin sunayen mutanen Daɗin Kowa bai san na maƙwabtansa ba.

Tashar da manufarta

Kafin a shiga wasannin, ya kamata ɗalibi ya san inda suka fito. An buɗe Arewa24 a shekarar 2014, lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta hannun wata ƙungiya mai suna Equal Access. Daga baya ne ta koma tashar kasuwanci mai dogaro da talla. Ba a kawo wannan bayani don a shafa wa tashar kashin kaji ba. An kawo shi ne domin yana warware wani abu da mai nazarin jigo zai ci karo da shi, wato yadda batun zaman lafiya tsakanin addinai da matsalar tsattsauran ra'ayi da shaye-shayen matasa suka yi kane-kane a wasannin farko na tashar. Jigon ya riga labarin zuwa, kuma a wasu wurare ana ganin ɗinkin.

Daɗin Kowa: gari a matsayin tauraro

Idan aka tambayi ɗalibi wane ne tauraron Daɗin Kowa, zai yi ta kame-kame. Wani ya ce Kamaye, wani ya ce Nazir ko Alawiyya, wani ya ce Malam Nata'ala. Gaskiyar magana garin shi ne tauraro. Wannan ne babban abin da wasan ya zo da shi, domin finafinan Kano da suka gabace shi sun saba ɗora komai a kan saurayi ɗaya da 'yan mata biyu, ko budurwa ɗaya da samari biyu, a cikin falon wani attajiri. Daɗin Kowa ya fitar da kyamara daga falo ya kai ta teburin mai shayi da zauren malamin allo da tsakar gidan haya. A nan ne ake ganin talaka yana lissafin cefane, ba don a ji tausayinsa kawai ba, sai don haka rayuwarsa take. Ba mamaki da ya samu lambar yabo ta Africa Magic a rukunin shirye-shiryen Hausa a shekarar 2016.

A ganina, zaman Kamaye da matarsa Adama shi ne wurin da marubutan suka fi nuna gwaninta. Faɗansu ba ya ƙarewa, amma ba ya kai wa ga rabuwar zuciya, kuma cikin rahar da ake yi da su ana ganin abin da rashi ke yi wa mutuncin maigida. Ɗan'azumi Baba, wanda ya fito a matsayin Kamaye, ya iya yin shiru a inda wani zai yi ihu. Haka nan Malam Nata'ala, malamin almajirai wanda bai tsira daga son abin hannun mutane ba. Da an ga dama da an mayar da shi mugu tsantsa, a huta. Ba a yi haka ba. An bar shi mutum mai ban dariya, mai wayo, mai rauni, ta yadda ɗan kallo zai yi dariya ya kuma tsargu, domin ya san irinsa a unguwarsu. Sukar almajirci da aka yi ta wannan hanya ta fi shiga jiki a kan wadda ake yi da baki.

Sai dai inda aka bar nuni aka koma faɗa, a nan wasan ke yin rauni. Sau da yawa za a ga ɗan wasa ya tsaya cak, ya fuskanci abokin maganarsa, ya zuba masa nasiha mai tsawo a kan illar ƙwaya ko amfanin zuwa asibiti, da irin Hausar sanarwar rediyo wadda babu mai yin ta a tsakar gida. Stephanie, Kiristar da ke zaune cikin Musulmi, ta fi kowa shan wannan wahala, domin wani lokaci ba a barin ta ta zama mutum, sai dai hujja. Matsala ta biyu ta tsari ce. Wasan da ba a yanke masa ranar ƙarewa ba ba ya iya kai rikici ƙololuwa ya warware shi gaba ɗaya, domin idan ya warware, me za a nuna mako mai zuwa? Saboda haka sai a yi ta ɗaura zare ana kwancewa. Ɗalibin da ya je neman farko da tsakiya da ƙarshe irin na littafi zai dawo hannu rabbana. Abin da ya dace ya ɗauka a matsayin ma'auninsa shi ne zaren labari guda, ya bi shi daga inda ya ɓullo zuwa inda ya nutse.

Kwana Casa'in: amfanin wa'adi

Kwana Casa'in, wanda aka fara nunawa a shekarar 2019, ya kauce wa wannan matsala tun daga sunansa. An ɗora zangon farko a kan kwanakin da suka rage a yi zaɓe a wata ƙagaggiyar jiha mai suna Alfawa, inda Gwamna Bawa Maikada ke neman komawa kujera, wani malamin makaranta, Malam Adamu, kuma ya fito takara. Wa'adin nan shi ne ƙashin bayan wasan. Kowace fitowa tana da nauyi domin lokaci na tafiya, kuma ɗan kallo ya san akwai ranar da za a yi ta ta ƙare. Masana wasan kwaikwayo tun zamanin Girkawa sun yi magana a kan amfanin taƙaita lokaci, amma ba sai an je da nisa ba: duk wanda ya taɓa jiran ranar biki ko ranar shari'a ya san yadda ƙidayar kwana ke ɗaure hankali.

Sani Mu'azu ya yi abin a yaba a matsayin Bawa Maikada. Bai yi azzalumin gwamna mai zare ido da daka tsawa ba. Ya yi shi mai taushin murya, mai fara'a a gaban jama'a, wanda ke ba da umarnin ɓarna kamar yana aiken a sayo masa goro. Wannan ya fi ban tsoro, ya kuma fi kusa da gaskiya. Wasan ya kuma nuna yadda mulki ke tafiya ta hannun na kewaye: matar gwamna da 'yan kanzagi da 'yan daba da kuma 'yan jaridar da ake saye da waɗanda suka ƙi sayuwa, irin su Sahabi. Malam Adamu kuwa, wanda marubucin nan Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a matsayinsa, an wanke shi ya yi fari fat, har ya kusa fita daga sahun mutane. Mutumin kirki a wasa yana bukatar abin da zai jarraba shi daga cikin zuciyarsa, ba daga maƙiya kawai ba. Shi ya sa na fi ganin armashin labarin bayan ya hau mulki, lokacin da gaskiya kaɗai ta kasa biyan albashi. Da zanguna suka yi ta ƙaruwa kuma, sai sunan ya zama suna kawai, wa'adin ya saki, wasan ya faɗa ramin da ya tsallake da farko.

Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020, ya fi waɗannan biyu kyan hoto da sauti, kuma Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu darasi ne a kan yadda ƙaramin matsayi ke iya cinye wasa. Amma jan labari ya yi masa yawa, kuma sauya 'yar wasan da ke fitowa a matsayin Sumayya a tsakiyar tafiya ya raba hankalin 'yan kallo. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi barkwanci ne a kan attajirin da ya tara 'ya'ya bai san su ba, su kuma suna jiran gado. A kalle shi don nishaɗi da kuma nazarin habaici da baƙar magana.

Harshe

Nan ne ya fi shafar mu. Hausar waɗannan wasanni Kananci ce, kuma Kanancin birni na yau, wanda Ingilishi ya ratsa. A Kwana Casa'in, da zarar an shiga ofis ko gidan gwamnati, sai jimla ta fara da Hausa ta ƙare da Turanci. Ana iya kare wannan da cewa haka masu mulki ke magana, kuma gaskiya ne. Amma ɗan kallo na wannan ɓangare, wanda ya yi lakwal ba sukul ba, wanda ya san mushe da jandarma, yakan rasa rabin zancen a daidai wurin da ake ƙulla makirci. Ya kamata ɗalibi ya rarrabe aron da ya zauna ya zama Hausa, kamar gwamna da kwamishina da asibiti, da kuma tsarma jimlar Ingilishi sukutum, wanda shi surki ne ba aro ba.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. A al'adar finafinan Kano, mai cewa "munka" da "sunka" da "yat tahi" yawanci shi ne baƙauye ko abin dariya, mai ilimi da mai kuɗi kuwa sai su yi Kananci. To, wannan karin harshe na yamma shi ne na Sakkwato da Gobir da Adar da Arewa, wato harshen iyayen da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda. Idan yaro ya girma yana ganin ana dariya da maganar kakarsa, ba sai an ce masa ya bar ta ba. Ba sabon abu ba ne a yi raha da harshe: Samanja na Usman Baba Pategi da Hausar barikin soja ya yi suna, kuma ƙungiyar Yazi Dogo ta daɗe tana sa mutanen Nijar dariya da maganganun mutanenta. Bambancin shi ne a can mai karyayyar Hausar shi ne mai gari a wasan, da shi ake dariya, ba shi ake yi wa ba. Daɗin Kowa ya ɗan fi sauran adalci a nan, tun da garin baƙi ne kuma kowa da bakinsa.

Ga mai son rubuta kundi, shawarata ita ce ya fara da zangon farko na Kwana Casa'in idan tsari yake so, domin yana da iyaka kuma ana iya kalle shi duka a yi masa hukunci. Mai son harshe kuwa ya nufi Daɗin Kowa. Ya kuma riƙa rubuta zango da kashi da ranar da ya kalla, domin abin da ke intanet yau yana iya ɓacewa gobe. A watan Mayu na 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da wasanni 22, har da Daɗin Kowa da Labarina, a kan batun miƙa su a tace kafin a nuna. Aikin da za a kawo aji shi ne kowa ya zaɓi fitowa ɗaya ta teburin mai shayi wadda ba ta wuce minti 10 ba, ya rubuta ta kalma da kalma yadda aka furta, ba tare da gyara ta zuwa daidaitacciyar Hausa ba, sannan ya ja layi a ƙarƙashin duk inda ɗan wasa ya daina magana da abokinsa ya koma magana da mu.